Yayana A Cikin Littafi, Yayana A Cikin Fim

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Dutsin-Ma, wani fim ya fito wanda ya hana ni sukuni tun daga farkon damina har bayan kaka. Ba zan faɗi sunansa ba, haka ma littafin da aka ciro shi daga ciki, don duk masu labarin suna raye, kowa ya kama harkar gabansa. Abin da zan iya faɗa shi ne, abokina ne ya rubuta littafin, mutumin da ke cikin littafin kuma yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Yayana tela ne a Kurfi. Shagonsa yana bakin kasuwa, ƙarƙashin wani tsohon itacen bedi, kuma duk wanda ya san garin ya san shi da tef ɗin awo a wuya da hula a ƙeya. 'Yan shekaru kafin wannan fim ya yi fama da ciwon ƙwaƙwalwa. Da farko cewa yake yi ana bin sa a baya, daga nan ya koma jin ana kiran sunansa ta bayan katanga, har ya kai ba ya cin abincin da ba a gabansa aka zuba ba. Muka yi na gida iya ƙarfinmu, rubutu da hayaƙi da addu'a, daga baya wani kawunmu ya tsaya tsayin daka aka kai shi asibiti a Katsina. A cikin wannan hali ne iyayen matarsa suka zo daga Shema suka tafi da 'yarsu, auren ya mutu ke nan. Da maganin asibiti da addu'ar mahaifiyarmu Allah Ya ba shi lafiya. Ya koma kan kekensa, ya ci gaba da shan maganinsa ba fashi, mutane suka dawo da kawo masa ɗinki.

Abokin nawa tare muka yi makaranta. Yana rubuta littattafan Hausa, kuma yakan bi ni Kurfi ƙarshen mako, yayana ke yi masa ɗinki. Shi da kansa ya nemi izini ya rubuta labarin, ba ta hannuna ya bi ba. Yayana ya yarda, ya ce wataƙila wani da ke cikin irin halin ya karanta ya san ba shi kaɗai ba ne, sharaɗinsa kawai a sauya suna da gari. Suka daɗe suna zama a shagon, shi yana taka keke yana ba da labari, abokina yana saurare.

Da littafin ya fito na karanta shi, kuma har yau ban taɓa karanta abin da ya tsorata ni kamarsa ba, duk da ba jini a ciki, ba aljani. Da bakin telan aka rubuta shi, shi ke cewa na ji, na gani. Idan ya ji an ƙwanƙwasa taga, kai ma mai karatu ka ji. Idan maƙwabcinsa ya yi masa murmushi, sai ka kama kanka kana tambayar me wannan murmushi yake nufi. Har ka gama ba za ka iya rantsuwa ko da gaske akwai mai bin sa ko babu ba. Akwai wurin da telan ya naɗe almakashinsa a cikin ƙyalle ya kai wa mahaifiyarsa, ya roƙe ta ta ɓoye, don ya daina yarda da hannunsa. Littafin ya ƙare a cikin mota a hanyar asibiti, ya jingina kansa a kafaɗar ƙanensa, ya waiwaya ya dubi titi bai ga kowa ba, ya rasa ko murna zai yi ko tsoro. Ni ne ƙanen. Na tuna ranar sosai, amma ban taɓa sanin abin da yake nema da ya waiwaya ba sai da na karanta.

Littafin bai yi wani kasuwa ba. 'Yan makaranta da wasu matan aure a Dutsin-Ma suka karanta, aka yaba, aka wuce wurin. Sai wata rana abokina ya zo mini da fara'a cewa masu shirya fim daga Kano sun nemi labarin. Na taya shi murna har da rungume shi. A ɗakin malamai kuwa na hana kowa sakat, ina ta baza labarin cewa abokina ya zama wani abu, kamar ni aka ce zan fito a ciki. Da aka gaya wa yayana, ya ce ba komai tunda an sauya suna.

A daidai wannan lokaci yayana yana neman aure a Rawayau. Matar mijinta ya rasu ya bar ta da 'yar ƙaramar yarinya, tana koyar da mata karatu a Islamiyya. Mahaifinta ba ya raye, baffanta ne waliyyinta. Manya sun gana, an yarda za a sa rana in an kai amfanin gona gida. Game da ciwon, abin da muka gaya musu shi ne ya taɓa rashin lafiya ya warke. Ba su tona ba, mu ma ba mu ƙara ba.

Wata rana a makaranta wani malami ya tambaye ni ko na kalli fim ɗin abokina, ya ce kowa maganarsa yake yi. Ana tashi na wuce shagon masu tura fina-finai aka sa mini a waya. Na dawo ɗakina da azahar, na ɗauko littafin na ajiye a gefe kamar mai shirin duba takardun jarrabawa, na danna.

Tun minti na farko na gane wurin. Shago a bakin kasuwa, ƙarƙashin bedi. Tela da tef a wuya, hula a ƙeya. Uwa dattijuwa, ƙane malamin makaranta. Duk waɗannan suna cikin littafin, amma a takarda ban taɓa jin sun tona kowa ba. Da na gan su da ido, sai na ga ai suna kawai aka sauya, sauran duk mu ne.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne muryar nan ta cikin littafin ta ɓace. Ba mai cewa na ji, na gani. Mu ke tsaye a waje muna kallon wani mutum mai jajayen idanu yana magana shi kaɗai. Duk sanda zai shigo gida, ta bayan matar ake nuna shi, ga wani sauti mai kaɗa hanji yana tashi tun kafin ya yi komai. A littafi tsoronsa kake ji tare da shi. A fim shi ne abin tsoron. Tun tsakiyar fim ɗin aka nuna mana ƙarara ba mai bin sa, maƙwabcin mutumin kirki ne, saboda haka ba sauran shakka, mahaukaci ne kawai. Almakashin da ya kai wa mahaifiyarsa a littafi, a fim ƙarƙashin matashin kai ya ɓoye shi. Ban san sanda na miƙe tsaye ba, ina zagaya ɗakin da waya a hannu. A ƙarshe ya caka wa matar almakashin ya kashe ta, aka nuna shi a ɗaure da mari yana dariya, aka rubuta sunayen 'yan wasa, da sunan abokina a matsayin mai labari.

Ko abinci ban ci ba na hau babur na tafi wurin abokina. Na same shi a ƙofar gida zaune a kan benci, fuskarsa kawai na kalla na san ya gani. Ya rantse mini ranar da na kalla shi ma ranar ya kalla. Ya ce tun lokacin da ake shiri sun gaya masa ƙarshen littafin ba shi da zafi, ba wanda zai zauna ya kalli mutum ya shiga mota ya tafi asibiti, amma ya ɗauka ɗan gyara za su yi. Ya kira su, suka ce fim ya riga ya shiga duniya. Na faɗa masa maganganu masu ɗaci, wasu ya cancanta, wasu kuma haushin kaina ne nake juye masa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Littafin yana nan yadda na rubuta shi, ba wanda ya taɓa ko harafi ɗaya."

Na ce, "Wa ya karanta shi a Kurfi?"

Na tashi na tafi ba sallama.

Daga ranar zama ya gagare ni. Ina cikin aji ina bayani sai hankalina ya tafi Kurfi, in tsaya da alli a hannu har yara su fara kallon juna. Da an tashi ranar Juma'a na kama hanya, wani lokaci ma tsakiyar mako. Duk inda na ga samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya, sai in rage gudu in kasa kunne ko zan ji sautin nan. Sau da yawa ƙwallo suke kallo. Amma wasu lokutan sautin ne, kuma da sun ɗago sun gan ni sai su yi tsit. Idan mutum ya gaishe ni da fara'a in ce ya kalla, idan ya gaishe ni a daƙile in ce ya kalla. Wata rana a hanyar dawowa na yi wa kaina dariya, don na lura na zama kamar telan cikin littafin, kowane murmushi sai na nemi abin da ke bayansa.

Ba zargi ne kawai nake yi ba. Mahaifiyata ta gaya mini wasu mata sun shigo gaishe ta, suka yi ta kewaye-kewaye har ɗayarsu ta tambaya ko da gaske ne ya so ya kashe matarsa shi ya sa aka ɗauke ta. Wasu suka aiko a karɓo musu yadinsu daga shago ba a ɗinka ba, wai sun fasa. Ana haka sai ga saƙo daga Rawayau, a taƙaice kuma cikin ladabi, cewa a ɗan dakata da maganar sa rana. Ni da mahaifiyata muka yanke shawarar kada yayana ya san da fim ɗin. Ƙaramar waya gare shi, ba ya kallon komai, kuma babban tsoronmu kada damuwa ta tayar masa da ciwon. Batun Rawayau muka ce masa baffan ne ayyukan gona suka yi masa yawa. Ya ce to, Allah Ya kai mu.

Sai wata dabara ta zo mini, irin ta malaman makaranta. Na ce tunda fim ne ya ɓata, littafi zai gyara. Na zauna na naɗe kusurwar shafukan da suka nuna telan mutum ne mai tausayi, na shirya bayanina daki-daki, inda fim ya bi littafi da inda ya kauce. Ban shawarci kowa ba. Ranar Asabar da safe, bayan an kwana ana ruwa, na hau babur na nufi Rawayau. Hanyar duk taɓo ce, sau biyu ina sauka ina turawa, na isa wandona ya yi kaca-kaca har gwiwa.

Na sami baffan a zaure, ya dawo daga gona ke nan. Dattijo ne mai natsuwa, ya karɓe ni da mutunci, aka kawo mini fura. Bayan mun gaisa na ce, Baba, na zo ne a kan maganar da ake yaɗawa. Na zaro littafin na fara. Na bayyana masa cewa masu fim sun karkatar da labari, asalin abin ga shi a rubuce, ba kisa a ciki. Na karanta masa wurin da telan yake kuka don ya ga matarsa ta rame. Na karanta masa wurin almakashi, da murya mai ratsa zuciya, ni kaina har idona ya kawo ruwa. Ya saurare ni har na kai ƙarshe bai katse ni ba.

Sannan ya ce, "Wato dai, Malam, da gaske yayanka ne a ciki?"

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Kafin zuwana, jita-jita ce kawai ta yara masu waya, wani ya ce ya yi kama, wani ya ce bai yi ba. Ni ne na tako taɓo na kawo musu shaida har zaure, da shafuka a naɗe. Kuma a cikin duk abin da na karanta, abin da ya tsaya masa shi ne mutumin da kansa ya ji tsoron almakashi a hannunsa. Na fara kame-kame, ya ɗaga mini hannu a hankali. Ya ce shi bai kalli fim ba, kuma ba ya karatun boko, labarin biyu duk a bakin mutane ya ji su. Abin da ya sani shi ne an ce masa rashin lafiya, ba a ce masa wace iri ba.

"Ɗiyar ƙanena ce, ga marainiya a hannunta," in ji shi. "In kai ne a wurina, me za ka yi?"

Na yi godiya, na cusa littafin a aljihu, na fito. A hanya sai da na tsaya a gefen wata gonar gero na daɗe a kan babur, ban san ko Dutsin-Ma zan wuce in ɓoye kaina ko Kurfi zan koma ba. Daga ƙarshe na nufi shagon yayana.

Na same shi yana taka keke. Ya dubi wandona, ya tambayi daga ina. Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce Rawayau. Ya tsayar da keken, ya yanke zare, ya ce in zauna. A nan ya gaya mini tun makon farko ya sani. Wani mai kawo ɗinki ya tambaye shi kai tsaye, kuma samari sun fara kiransa da sunan telan fim ɗin idan ya wuce. Ya ga ni da Inna muna ta ɓoye-ɓoye, ya ƙyale mu don ya ga hakan ya fi kwantar mana da hankali. Na ba shi labarin abin da na aikata a zauren baffan, ina jiran faɗa. Sai ya yi 'yar dariya ya ce Allah Ya shirye ni. Daga nan ya miƙo hannu ya ce in ba shi wayar, yana son ya gani.

Na yi ta magiya. Na ce ba abin kallo ba ne, ƙarya ce zalla, zai ɓata masa rai a banza. Ya ce duk garin sun kalle shi, shi kaɗai ne bai ga kansa ba. Bayan mun yi la'asar ya janyo ƙofar shagon rabi, ya jingina wayar a jikin keken, muka zauna a kan benci ɗaya. Shi yana kallon fim, ni ina kallon fuskarsa. Duk sanda sautin nan ya tashi sai in ji kamar in fizge wayar. Bai motsa ba, sai wurin almakashi da ya ɗan runtse ido.

Da aka gama, ni na fara magana. Na ce ka gani ko, sun lalata littafin, ba abin da suka bari na gaskiya. Ya girgiza kai.

"Littafin abin da na gani ne," ya ce. "Wannan kuma abin da kuka gani ne."

Na ce haba Yaya, mu ba mu taɓa ganinka haka ba. Ya dube ni ba tare da fushi ba, ya tambaye ni ina wuƙaƙen gidan suka tafi a lokacin, kuma me ya sa duk sanda ya shigo tsakar gida ake kiran yara ɗaki. Ya ce yana lura da komai, ciwon bai hana shi gani ba. Ya ce ba laifinmu yake gani ba, da shi ne ma haka zai yi.

"Kisan ne ƙarya, kuma Allah Ya isa a kansa. Amma fuskar matar nan in ya shigo, na san ta. A gidanmu na gan ta, a fuskar kowa."

Na sunkuyar da kai. Ni da na kwashe makonni ina rantsuwa littafi ne gaskiya fim ƙarya, ga mai labarin yana gaya mini kowanne ya riƙe wani ɓangare. Ya tashi ya buɗe ƙofar shagon, ya ce kuskuren tun farko ne, da muka ce rashin lafiya muka yi shiru. Zai je Rawayau da kansa. Na ce in raka shi, ya ce a'a, ni na yi nawa zuwan.

Da kawunmu suka tafi, wanda ya kai shi asibiti a da. Ni ina Dutsin-Ma ranar, na kasa koyar da komai, na ba yara aikin aji na fita ina safa da marwa a bakin baranda. Daga baya kawu ya ba ni labari. Ya ce yayana ya ajiye maganinsa a gaban baffan, ya faɗi komai tun daga farko, abin da yake ji, abin da yake gani, yadda aka yi aka rabu da matarsa, da cewa likita ya gaya masa ciwon yana iya dawowa idan ya yi wasa da magani. Bai roƙi komai ba. Ya ce kawai kada su tsaya a maganarsa, su aika Shema a tambayi wadda ta zauna da shi.

Suka aika kuwa. Wata gwaggon matar da yake nema ta je ta sami tsohuwar matar yayana, wadda ta daɗe da yin wani auren. Ta ce musu ta ji tsoro a lokacin, ba za ta ɓoye ba, amma bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Abin da yake yi shi ne ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta yana gadi, wai kada masu bin sa su shigo su taɓa ta. Wannan ba ya cikin littafin, ba ya cikin fim ɗin, ni kaina sai ranar na ji.

Duk da haka baffan bai saki jiki ba. Ita matar da yake nema ce ta nemi a bar ta ta yi magana da yayana a zaure, gwaggonta na gefe. Ta gaya masa ta kalli fim ɗin, ta kuma nemi littafin ta karanta, amma ba a kansu take son tambaya ba. Tambayarta ita ce, idan ciwon zai dawo, ta yaya za ta gane, kuma me za ta yi. Ya ce barci ne ke fara ɗaukewa, sannan ya rage magana. In ta ga haka kada ta jira, kada ta ji kunyar kowa, ta kira kawu ko ni a kai shi asibiti, ko da shi ya ce lafiyarsa ƙalau. Ta ce ta ji, za ta yi tunani, ta yi istihara.

Tunanin ya ɗauki lokaci. Aka yanke gero, aka yanke dawa, shiru. Yayana yana ɗinkinsa kamar ba abin da ke faruwa, ni kuwa duk sanda wayata ta yi ƙara sai in zabura in duba. Mahaifiyata ta ce in na ci gaba a haka ni za a kai Katsina. Sai bayan ƙaramar Sallah saƙo ya zo cewa a turo manya. Aka ɗaura aure a ƙofar gidan baffan, shi ya ba da ita, duk da ranar fuskarsa ba yabo ba fallasa. Da muka gaisa ya riƙe hannuna ya tambaye ni ko yau ma na zo da littafi.

Ba komai ne ya koma daidai ba. Akwai masu ɗinkin da ba su dawo ba har yau. Sunan telan fim ɗin ya daɗe yana bin yayana a bakin samari, sai da wani fim ɗin ya fito ya ɗauke musu hankali. Ni da abokina mun daɗe ba ma magana. Yayana ne ya aika a kira shi Kurfi, ya ce masa shi bai riƙe shi da komai ba, littafin ya faɗi abin da ya ce a faɗa. Mun shirya, muna gaisawa, muna zuwa sunan juna, amma hirar littafi da fim da muka saba yi ta mutu a tsakaninmu.

Da can ina cikin masu ɗaga murya cewa littafi kullum ya fi fim. Har yanzu na fi son littafin nan, don shi ne ya shigar da ni inda ban taɓa shiga ba, cikin kan ɗan'uwana. Amma na daina cewa fim ɗin ƙarya ne zalla, don na san masu shirya shi ba su ƙirƙiri wannan kallon ba, a wurin irinmu suka samo shi. Yanzu in ana kallon fim a gida aka nuno wani mai taɓin hankali, sautin ban tsoro ya fara tashi, sai in ji zama ya gagare ni, in tashi in fita waje. Abin da ke zuwa mini shi ne, wannan yayan wane ne.

Yayana yana nan lafiya, sun haifi yara biyu, marainiyar nan ma a hannunsa ta girma. Ina zuwa Kurfi kusan kowane mako. Wata rana da na yi musu sallama zan tafi, matarsa ta biyo ni har bakin zaure, ta rage murya ta ce, "Malam, in ka zo ka riƙa gaishe shi kawai. Kallon nan da kake yi masa kana neman alama, yana gani."

Ban san ina yi ba sai da ta faɗa. Tun daga ranar nake ƙoƙarin in shiga shagon in zauna kamar kowane ƙane, mu yi hirar gona da tsadar yadi. Wani zuwan ina iyawa.